Shugabar Makarantarmu Ita Ta Haife Ni

Bari in faɗi laifina da bakina tun kafin ku ji shi a wani wuri: na saci kalmar sirrin uwata. Masu saurin zagi ku ɗan riƙe yatsunku tukuna, sai kun ji irin makarantar da na yi.

Sunana Keziah Brubaker, shekarata goma sha takwas, kuma ban taɓa zama a aji ba. Makarantarmu teburin kicin ce, a gidan gonarmu da ke tsaunukan Ozark, kudancin Missouri. Tana da suna har da tambari, Cedar Hollow Academy. Mama ce ta zana tambarin, wanda ya gan shi a kan takarda sai ya ɗauka wani katafaren gini ne mai bene. Ɗalibai uku ne, ni da ƙannena biyu, sai 'yan biyunmu masu shekara biyu da 'yan watanni da ke jiran gurbi a ƙarƙashin teburin. Mama ce malamar lissafi, ita ce ta tarihi, ita ce shugabar makaranta, kuma idan ka yi laifi ta ce za ta kira iyayenka, juyawa kawai take yi ta kalli Dadi. Shekara goma sha biyu a jere ni ce ta ɗaya a ajinmu. Ni ce kuma ta ƙarshe.

Abin da nake so a duniya bai da yawa. Karatun likitan dabbobi nake so, a jami'ar jiha, tafiyar awa huɗu daga gida. Na je gari na rubuta jarrabawar shiga jami'a tare da yaran makarantar gwamnati, suna ta kallon siket ɗina na jins da ya kai idon sawu, na kuma ci fiye da yawancinsu. Nawa ɓangaren fom ɗin na cike shi tun watan Oktoba. Saura abu biyu da makaranta ce kaɗai za ta tura: takardar sakamako ta shekara huɗu, da wasiƙar shaida daga malamar da ke ba ɗalibai shawara. Kun riga kun san ko wace ce wannan malamar. Ranar Juma'a da ƙarfe biyar na yamma za a rufe.

Ranar Litinin na same ta tana kwaɓa burodin masara, gashinta a naɗe da fensir.

"Mama, saura kwana huɗu."

"Na iya ƙirga, Keziah. Ni na koya miki."

"To yaushe za ki tura?"

"Ina addu'a a kai."

Wata uku ke nan tana wannan addu'ar. Ni dai ban taɓa jin Allah ya daɗe haka bai amsa wa Mama ba, matar da ke samun amsa kafin ta ce amin idan maganar wanke-wanke ce.

"Kwalejin garin nan minti ashirin ce a mota," ta ce ba ta ɗago ba. "Ba sa tambayar wasiƙar kowa. Ki riƙa zuwa kina dawowa. Ga kuma Thaddeus."

Yauwa, Thaddeus. Na san shi kuke jira.

Thaddeus Pruitt, muna ce masa Thad, shekararsa ashirin, shi ma a teburin uwarsa ya yi karatu, yanzu yana kafa shingen gonaki da babansa. A cocinmu saurayi ba ya tarar yarinya ya ce yana sonta. Wajen uba yake zuwa. Thad ya zo wata Asabar da riga mai zanen gida-gida, maɓalli har maƙogwaro, hula a hannu, Dadi ya shigar da shi garken awaki ya yi masa tambayoyi na awa biyu. Aka ba shi izini da sharaɗi uku. Ba taɓa hannu. Ba zama mu biyu. Ba saƙon waya sai a guruf mai mutum uku: ni, shi, da Dadi.

Ga irin soyayyar da ake yi mini kullum da safe:

"Barka da asuba, Keziah. Barka da asuba, Mista Brubaker. Yau an tashi da sanyi."

Sai Dadi ya turo hoton babban yatsa. Ko me aka rubuta, babban yatsa. Ran da Thad ya yi ta maza ya rubuta cewa shuɗiyar rigar da na sa zuwa coci ta yi kyau, babban yatsa. Har yau ban sani ba ko rigar Dadi ya yaba ko ƙarfin halin yaron.

Abin haushin shi ne ina sonsa. Na so a ce ba na sonsa, don kawai Mama tana sonsa, amma zuciya ba ta taya ni wannan faɗan ba. Ran da akuyata ta kasa haihuwa, shi ya riƙe kanta ni kuma hannuna yana ciki har gwiwar hannu, bai suma ba, bai kawar da kai ba, ya ce, "Ke fa kin san abin da kike yi." Ba wanda ya taɓa gaya mini magana mai daɗin wannan. Sai dai na lura tun da ya fara zuwa, duk sanda na ce jami'a sai Mama ta ce Thaddeus.

Ni na riga na yanke hukunci a raina. Mama ba ta son ta rasa 'yar aikinta. Wa zai koya wa ƙannena raba lamba? Wa zai tatsi awaki, wa zai bi 'yan biyu da goge-goge? Na ji haushinta sosai a makon nan, irin haushin da ko muryarta a wani ɗaki sai ta sa ka cije leɓe.

Ku gane, Mama ba mai wasa da takarda ba ce. Dokar jiharmu ta ce awa dubu na karatu a shekara, ita kuma kowace awa sai ta rubuta ta a wani koren littafi, shekara ɗaya littafi ɗaya. Idan muka auna gari, lissafi ne. Idan aka feɗe barewa, kimiyya ce. Amma awar da ba a yi ba, ko za a yanka ta ba za ta rubuta ba. Ta taɓa ba ni C a rubutun zube, ni 'yar cikinta, saboda na makara kwana ɗaya. Littattafan suna jere a kan firij. Na aji goma ne kawai ba ya cikinsu, shekarar da aka haifi 'yan biyu, ni kuma ban taɓa tambayar inda yake ba. Shekarar nan ba a cika maganarta a gidanmu.

Ranar Alhamis na buɗe gwangwanin da take ajiye katunan girke-girke. A cikin murfin take rubuta duk kalmomin sirrinta, da fensir, saboda a ganinta ɓarawo ba ya neman yadda ake miyar kabewa. Na kwafe ta shafin jami'ar a tafin hannuna. Kwamfutar gidanmu ɗaya ce, tana kicin, fuskarta tana kallon murhu, don haka sai laburaren gari.

Juma'a bayan abincin rana Thad ya zo da a-kori-kurarsa, zai sayo wayar shinge, ni kuma na ce zan mayar da littattafai. Kaka Opal, uwar Dadi, ita ce mai gadinmu. Shekararta saba'in da tara, tana zama a tsakiyarmu da jakarta a cinya, kuma na'urar ƙara ji da ke kunnenta tana aiki ne kawai idan ta ga dama. Na leƙa ta, idonta a rufe. Sai na gaya wa Thad komai ta saman kanta, a hankali.

Kunnuwansa suka yi ja. "Keziah, wannan ai ƙarya ce."

"Na sani. Ba fatawa na tambaye ka ba."

Da muka wuce gadar rafi ya sake magana.

"Awa huɗu ko, idan kin tafi?"

"Huɗu."

"Motar nan za ta iya awa huɗu," ya ce yana kallon hanya. "Kaka ce ban sani ba ko za ta iya."

"In an sa mini matashi zan iya," in ji Kaka Opal, idonta a rufe.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Ta buɗe ido ɗaya ta kalle ni. "Ke dai ba ki iya sata ba, 'yar nan. A tafin hannu? Kin yi gumi rabinta ya goge."

Bai goge ba. A laburare na zauna a kwamfutar ƙarshe ta jikin bango, na shiga da sunan Misis Loretta Brubaker, Shugabar Makaranta, ƙofa ta buɗe. Na fara da wasiƙar. Jama'a, ban san ina da kirki haka ba sai da na zauna rubuta shi. "A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban ga ɗaliba mai haƙuri da ladabi kamar Keziah ba." Ni da na jefi ƙanena da littafin tarihi ranar Talata. Na koma takardar sakamako na jera darussa, na jera A. Da na zo aji goma hannuna ya ɗan tsaya, don na kasa tuna abin da muka karanta. Sai na rubuta abin da ya kamata a ce an karanta, na ba kaina A a kowanne, har da B ɗaya don kada abin ya yi yawa.

Ƙarfe uku saura kwata na gama. Yatsana yana kan maɓallin turawa wayata ta yi ƙara.

Thad ne. "Kin samu shiga shafin Mamanki? Kalmar sirrin ta yi aiki?"

Na kalli saƙon. Na kalli saman allon, inda sunaye uku suke. Kafin numfashina ya dawo, babban yatsan Dadi ya faɗo.

Na riƙe wayar da hannu biyu ina roƙon Allah ya sa yau ma bai karanta ba. Minti ɗaya. Minti biyu. Sai ga wani saƙo, karo na farko a tarihin guruf ɗin da Dadi ya rubuta kalmomi:

"Ku dawo gida. Yanzu."

Kuna cewa me ya hana ni dannawa a lokacin, ko? Na yi tunaninsa. Amma na san wadda ta haife ni. Mama mace ce da za ta ɗauki waya ta kira jami'ar da kanta ta ce ɗalibarta ta yi maguɗi, ta kuma rubuta kiran a koren littafi a matsayin darasin tarbiyya. Na bar komai a shafin ban tura ba, na fito.

A mota ban ko rage murya ba.

"A guruf, Thad? A guruf ɗin da ubana yake?"

"To a ina zan turo miki?" Ya yi wuƙi-wuƙi kamar zai yi kuka. "Ba ni da wani wurin da nake miki magana. Na saba ne. Na ma manta yana ciki."

"Shi kansa yakan manta yana ciki," in ji Kaka. "Tuƙa mu, yaro, ka daina kallonta."

Gidan tsit muka same shi. Dadi ya kwashe yaran zuwa garke, Kaka ta zauna a baranda ta ce ƙafarta ta riƙe, Thad ya tsaya jikin motarsa yana murza hula. Ni kaɗai na shiga. Agogon murhu ya nuna uku da rabi da minti biyar.

Mama tana zaune a kujerar malama, ta cire rigar girkinta ta ninke. Kwamfutar a kunne, wasiƙata a kai. A gabanta akwai koren littafi da ban taɓa gani a kan firij ba.

"Zauna."

Na zauna a inda nake zama tun ina shekara shida.

"Haƙuri da ladabi," ta ce tana kallon allon. "Wace ce wannan yarinyar? Ina son in san ta."

Ban yi dariya ba. Haushin wata uku ya taso mini gaba ɗaya. "Da kin rubuta naki ai da ban rubuta ba. Ki faɗi gaskiya kawai, Mama. Ba kya son in tafi saboda ba mai yi miki aiki. Shi ya sa kike ta tura mini Thad kamar ragowar abinci."

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta turo mini littafin.

"Me kika ba kanki a kimiyyar sinadarai, aji goma?"

"A."

"Buɗe ki nuna mini ranar da muka yi ta."

Na buɗe. Satumba cike take da rubutunta ƙanana. Oktoba ta kai sha ɗaya ga wata. Daga nan fari. Na juya shafi, fari. Nuwamba, Disamba, har Mayu, layuka ne kawai da kwanan wata da ta riga ta rubuta tun farkon shekara.

Sha biyu ga Oktoba aka haifi 'yan biyu, saura wata uku su isa haihuwa. Mama ta tare a asibitin birni har bayan Kirsimeti. Da ta dawo, jikinta ne kawai ya dawo, tana kwance tana kallon bango, jarirai suna kuka a gefenta. Ni na dafa, ni na tatsa, ni na zaunar da ƙannena a teburin nan na koya musu karatu da 'yar jaririya a kafaɗata. Shekarata goma sha biyar. Ban taɓa lissafa shi a matsayin wani abu ba. Na ɗauka kowa ma haka zai yi, daga baya kuma na rama karatun da rani biyu, ni kaɗai a baranda.

"Wata bakwai," Mama ta ce. Muryarta ta yi ƙasa. "Na hana ki makarantar mutane na ce ni zan fi su. Na tsaya a gaban kowa na faɗa. Sannan na ci miki wata bakwai, ban koya miki ko harafi ba. Duk sanda na zauna cike takardar nan sai in iso nan. In rubuta A, na yi ƙarya. In bar shi fari, baƙin da ba su san mu ba za su ga abin da na yi miki, su ƙi ki saboda ni." Ta share ido da bayan hannu, da sauri, kamar wani zai kama ta. "Kwalejin gari ba sa tambaya. Shi ya sa. Thaddeus kuma yaron kirki ne, na fake da shi, Allah ya yafe mini."

Kunya ta rufe ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Daga bayan littafin ta zaro takarda biyu, rubutun hannu, kwanan watan Nuwamba a sama. Ɗaya sakamako ne, aji goma an rubuta masa: ba a yi ba a lokacinsa, ɗalibar ta kammala da kanta a rani biyu. Ɗayar wasiƙa ce. Ba zan kawo muku duka ba, wani wurin nawa ne ni kaɗai. Ga dai tsakiyarta:

"Keziah tana da taurin kai, kuma ba ta iya ba da haƙuri ba. Za ku ga rami a shekararta ta goma. Ramin nawa ne, ba nata ba. A shekarar nan makarantarmu ba ta da malama sai ita, kuma ba a rufe ta ko kwana ɗaya ba. Ban san makin da ake ba wannan ba, shi ya sa ban ba ta komai ba. Ina roƙonku ku ɗauke ta kafin in sake samun dalilin riƙe ta."

Na karanta sau biyu, na biyun da ƙyar nake ganin layukan.

"Naki ya fi kyau," Mama ta ce. "Da naki za su ɗauke ki, ba ko tantama. Da nawa ban sani ba." Ta jawo kwamfutar gabana. "Huɗu ta wuce. Zaɓi ɗaya. Wanda kika zaɓa zan sa masa sunana, ba kuma zan kira kowa ba."

Ku ji fa. Matar da ta ba ni C saboda kwana ɗaya, ita ce ke cewa za ta sa hannu a kan ƙarya saboda ni. Na san idan na zaɓi nawa za ta cika alkawari, na kuma san ba za ta sake buɗe koren littafi da irin fuskar da ta saba ba.

Na goge yarinyar nan mai haƙuri da ladabi. Na ji zafin rabuwa da ita, don ta fi ni komai.

Mama tana karantowa ina bugawa, don idan aka bar ta da yatsanta ɗaya sai Litinin. Na gyara mata kuskuren rubutu biyu, ta ce in bar mata su haka, na ƙi. Da muka zo "taurin kai" na ce ko za a ɗan sassauta, ta ce buga. Biyar saura minti takwas ta miƙo hannu ta danna da kanta. Allon ya ce an karɓa.

Muka zauna muna kallonsa. Ba ta rungume ni ba, mu ba haka muke ba. Ta ɗauki fensir daga gashinta, ta jawo littafin bana, ta rubuta wani abu.

"Me kika sa?"

"Awa ɗaya da kwata. Rubutun wasiƙa." Ta ɗago. "Satar kalmar sirri kuma sai shugabar makaranta ta zauna da iyayenki."

Ko jami'ar za ta ɗauki yarinya mai rami a takarda, ban sani ba, kuma ina jin tsoro. Ina cikin wannan tunanin wayata ta yi ƙara a aljihun siket. Guruf ne. Ba saƙo ba ne, ba kuma babban yatsa ba. Ɗan ƙaramin rubutu ne a tsakiyar allo: Dadi ya fita daga guruf.

Saura sunaye biyu a sama.

Na tashi na leƙa ta tagar wajen wanke-wanke. Dadi ya fito daga garke yana tafe a hankali zuwa wajen motar, fuskar nan ba a karanta komai a kanta. Thad bai gan shi ba. Kansa a sunkuye yake a kan waya, kunnuwansa jajir, a tafin hannuna kuma ɗigon nan uku suna ta motsi, alamar yana rubuta mini wani abu.